Arrow Lake a ma'aunin Obi: Sabuwar ƙwaƙwalwar kwamfuta da wutar da take ci

A ranar Alhamis 24 ga Oktoban 2024 kamfanin Intel na Amurka ya fara sayar da sabuwar ƙwaƙwalwar kwamfutar kan tebur mai suna Core Ultra 200S, wadda injiniyoyinsa suka daɗe suna yi wa laƙabi da Arrow Lake. A daidai wannan rana Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, da garuruwan da ke kewaye da ita irin su Obi, suna cikin duhun da ya lulluɓe galibin Arewacin Najeriya. Tun ranar Litinin 21 ga watan babban layin lantarkin da ya taso daga Ugwuaji a Jihar Inugu zuwa Apir kusa da Makurɗi ya lalace, kuma kamfanin dakon wuta na ƙasa, TCN, bai samu maido da shi ba sai ranar 30 ga wata. A watan ne kuma litar fetur ta haura Naira 1,000 a gidajen man NNPC da ke Abuja.

Mai shagon buga takardu a Obi, wanda ya kwashe waɗancan kwanaki yana auna fetur kafin ya tayar da janareta ya buga wa ɗalibi takardar biyan kuɗin makaranta, ba shi da dalilin sanin abin da ake yi a Kalifoniya. Amma da ya ji abin da Intel ke tallata hajarsa da shi, da ya kasa kunne. Karo na farko cikin shekaru da dama, kamfanin bai sa gudu a gaba ba. Abin da ya yi ta nanatawa shi ne, sabuwar ƙwaƙwalwar za ta iya yin aikin da ta gabanta ke yi da kusan rabin wutar da waccan ke ci.

Masu gwajin kayan kwamfuta a Amurka da Turai sun auna ta galibi da wasannin kwamfuta, da yawansu suka yanke hukuncin cewa ta ba da kunya. Shekara guda bayan nan, a lokacin da Najeriya ke shirin mayar da jarrabawar kammala sakandare kan kwamfuta, akwai dalilin sake ɗora ta a kan wani ma'auni, wanda ya dace da garin da ake sayen kowane wat na lantarki da kuɗin fetur ko na batir.

Abin da ake nufi da sabon zubi

Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu gyara ke kira furosesa, wani ɗan fili ne na silikon da bai kai faɗin akwatin ashana ba. A cikinsa akwai makunnai ƙanana da ido ba ya gani, masu suna tiransisto, waɗanda kunnuwarsu da mutuwarsu ke samar da duk lissafin da kwamfuta ke yi. Ƙwaƙwalwar farko da Intel ya fitar kasuwa a 1971, mai lamba 4004, tiransisto 2,300 gare ta. Ta yau tana ɗauke da biliyoyi.

Masu saye sun saba tambayar gigahaz nawa ce, wato sau biliyan nawa take bugawa a daƙiƙa guda. Wannan lamba rabin labarin ce kawai. Injin niƙa biyu na iya juyawa da gudu iri ɗaya, ɗaya ya niƙa kwano biyu kafin ɗayan ya gama kwano guda, saboda bambancin haƙori da yadda aka tsara mazubar hatsin. A duniyar kwamfuta wannan tsari shi ne zubi. Shi ke fayyace yawan aikin da ƙwaƙwalwa za ta yi a kowane bugu, da yawan cibiyoyin lissafin da ke cikinta, da nisan da bayanai za su yi kafin su isa inda ake sarrafa su. Kamfani kan yi shekaru yana aiki a kan zubi ɗaya, kuma idan ya kuskure, ba ya gyaruwa a wata guda.

Akwai kuma gaskiyar da babu injiniyan da ya tsallake ta. Duk wutar da ƙwaƙwalwa ta ci, zafi take komawa. Ƙara gudu yana bukatar ƙara ƙarfin lantarki, kuma zafin yana hauhawa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa. Intel ya taɓa cin karo da wannan katanga a 2004, lokacin da Pentium 4 ta yi ƙaurin suna wajen zafi har kamfanin ya fasa fitar da mai gigahaz 4 da ya yi alkawari. Mafitarsa a wancan karon ita ce Core 2 Duo ta 2006, wadda ba ta kai Pentium 4 yawan bugu ba amma ta fi ta aiki, ta kuma fi ta sanyi.

Yadda aka sake komawa gidan jiya

Shekara ashirin bayan haka kamfanin ya sake samun kansa a irin wannan hali. Tun da AMD, babban abokin hamayyarsa, ya fito da zubin Zen a 2017, gasa ta yi zafi, kuma hanyar da Intel ya bi don kare kambunsa ita ce ƙara wa ƙwaƙwalensa wuta. Ɗaya daga cikin manyansu, Core i9-14900K ta 2023, tana kai gigahaz 6, kuma iyakar da aka rubuta mata a takarda wat 253 ce. Masu ƙera uwar allo, wato bod a bakin masu gyara, sukan cire mata wannan takunkumi ta wuce nan.

A farkon 2024 koke ya yawaita cewa kwamfutocin da ke ɗauke da ƙwaƙwalen zubi na 13 da na 14 suna tsayawa ko su mutu ana tsakiyar aiki. A watan Yuli Intel ya amsa cewa wani kuskure a umarnin da ke cikin ƙwaƙwalen yana sa su nemi ƙarfin lantarki fiye da kima, abin da ke cinye su a hankali. Ya fitar da gyara a Agusta da Satumba, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garantin shekara uku na waɗanda abin ya fi shafa. Gyaran yana hana ɓarna ta gaba ne kawai. Wadda ta riga ta lalace sai dai a canza ta.

A cikin wannan yanayi aka fito da Arrow Lake. Kamfanin ya riga ya sanar da korar ma'aikata kimanin 15,000 a watan Agusta, kuma mako guda bayan fara sayar da sabuwar ƙwaƙwalwar ya bayyana asarar Dala biliyan 16.6 a cikin wata uku. A ranar 1 ga Disamba shugabansa Pat Gelsinger ya sauka daga kujera.

Abin da ke cikinta

Sauyi na farko shi ne na gini. A da, ƙwaƙwalwar kan tebur ta Intel dunƙule ɗaya ce. Arrow Lake gutsattsari ne da aka jera a kan faranti guda kamar yadda ake jera tayil a daɓe: ɗaya na cibiyoyin lissafi, ɗaya na hoto, ɗaya na kula da ma'adanar wucin gadi da ake kira ram, ɗaya kuma na hulɗa da sauran kayan kwamfuta. AMD ya riga shi bin hanyar gutsattsari tun 2019. Amfaninta shi ne ana iya ƙera kowane gutsure da fasahar da ta dace da shi, kuma idan ɗaya ya ɓaci a masana'anta ba a yi asarar duka ba.

Sauyi na biyu ya fi taɓa martabar kamfanin. Intel ya yi suna da ƙera kayansa a masana'antunsa, amma a watan Satumban 2024 ya sanar da cewa ya fasa amfani da fasaharsa mai suna 20A a wannan zubi. Kamfanin TSMC na Taiwan ne ya ƙera manyan gutsattsarin, kuma na cibiyoyin lissafi an yi shi ne da fasahar ajin nanomita 3. Aikin Intel shi ne zane da farantin ƙasa da haɗawa.

Na uku shi ne cibiyoyin kansu. Tun 2021 Intel ke haɗa manyan cibiyoyi masu gudu da ƙanana masu tattalin wuta a ƙwaƙwalwa ɗaya. Babbar sabon jerin, Core Ultra 9 285K, tana da manya 8 da ƙanana 16, tana kai gigahaz 5.7, an sa mata farashin Dala 589. Core Ultra 7 265K mai cibiyoyi 20 ta fito a kan Dala 394, sai Core Ultra 5 245K mai 14 a kan Dala 309. A lissafin Intel, manyan cibiyoyin sun ƙara kashi 9 cikin 100 na aiki a kowane bugu, ƙananan kuwa kashi 32. Kamfanin ya kuma cire Hyper-Threading, dabarar da ya shigo da ita tun 2002 mai sa cibiya ɗaya ta riƙe aiki biyu a lokaci guda.

An ƙara wani ɗan sashe na ayyukan ƙirƙirarriyar basira, mai yin lissafi tiriliyan 13 a daƙiƙa. Microsoft kuwa yana bukatar tiriliyan 40 kafin ya sa kwamfuta a rukunin da ya kira Copilot+, don haka sashen bai kai mizani ba. Mai son amfani da sabuwar ƙwaƙwalwar dole ya sayi sabuwar uwar allo mai mazauni LGA 1851, da ram nau'in DDR5, domin ba ta karɓar DDR4 da ya cika kasuwa.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Sakamakon gwaji ya rabu gida biyu. A ayyuka masu nauyi da ake raba wa cibiyoyi da yawa, kamar tace bidiyo da fitar da zanen gini, 285K ta wuce 14900K, ta kuma yi kafaɗa da kafaɗa da babbar AMD ta wancan lokaci, Ryzen 9 9950X. Ta ci wuta ƙasa da wadda ta gada, ta kuma fi ta sauƙin sanyayawa. Intel ya ce a ayyukan yau da kullum ragin wutar na iya kai kashi 58 cikin 100, kuma ko da yake wannan ita ce lamba mafi kyau da kamfanin ya zaɓa ya nuna, masu gwaji masu zaman kansu sun tabbatar akwai ragi na a zo a gani.

A wasannin kwamfuta labari ya sha bamban. Intel ya yi alkawarin za ta yi daidai da 14900K, amma a wasanni da dama sai ta faɗi ƙasa da ita, wani lokaci da tazara mai yawa. Babban dalili yana cikin ginin gutsattsarin. Sashen da ke kula da ram yana wani tayil dabam da na cibiyoyin lissafi, don haka kowane saƙo sai ya tsallaka iyaka ya dawo. Jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba ko kusa, amma wasa yana aika irin wannan saƙo sau miliyoyi a daƙiƙa.

Wani jami'in kamfanin, Robert Hallock, ya amsa a watan Nuwamba cewa fitowar ba ta tafi yadda aka tsara ba. A Disamba Intel ya lissafa matsaloli biyar, waɗanda suka shafi Windows da manhajar tushe ta uwar allo, ya ce ya gyara huɗu, ta biyar sai Janairu. Da aka sake gwaji bayan gyaran, ba a ga sauyin da ya kai a ce ta kamo abokan gasarta a wasanni ba. A watan Mayun 2025 kamfanin ya rage Dala 100 daga farashin 265K.

AMD ma bai fita lami lafiya a wannan shekara ba. Ya ɗage fitar da Ryzen 9000, mai zubin Zen 5, daga 31 ga Yuli zuwa 8 da 15 ga Agusta saboda matsalar inganci da ya gano a kashin farko. Ya yi alkawarin ƙarin kashi 16 cikin 100 a kowane bugu, amma masu wasanni ba su ga ko kusa da haka ba, sai da sabuntawar Windows 11 ta ɗan ɗaga ta. Shi ma ya karkata ga tattalin wuta: Ryzen 7 9700X ta fito da alamar wat 65, alhali wadda ta gada wat 105 ce. Abin da ya raba gardama shi ne Ryzen 7 9800X3D ta ranar 7 ga Nuwamba, mai farashin Dala 479. An ɗora mata babban rumbun bayanai na megabait 96 a jikin cibiyoyinta, ta yadda ba sai ta riƙa zuwa ram a kai a kai ba. Ita ta ƙwace kasuwar masu wasanni.

Lissafin Obi

Ƙaramar Hukumar Obi ƙasar noma ce, ta doya da shinkafa da riɗi da agushi, kuma a ƙarƙashinta akwai kwal ɗin da aka daɗe da sanin yana cikin irin wanda ake narka ƙarfe da shi. A Fabrairun 2022 aka ƙaddamar da babbar tashar karɓar wuta ta Akurba a Lafiya, kuma kamfanin AEDC ne ke raba wutar a jihar. Duk da haka, wanda sana'arsa ta dogara da kwamfuta a irin waɗannan garuruwa bai isa ya zauna babu janareta ko sola ba. Aikin da kwamfutar ke yi kuwa sananne ne: buga takardu, cike fom na makaranta da na neman aiki, duba sakamakon jarrabawa, zana katin biki, tace bidiyon aure da na taron siyasa, koyar da ɗalibai sarrafa linzami da allon rubutu. Ba a cika samun mai neman hoto 200 a daƙiƙa cikin wasan harbi ba.

A nan wat yana da farashi uku. Na farko kuɗin wutar kanta. Tun Afrilun 2024 masu rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, ke biyan sama da Naira 200 a kan kowane yunit, kuma wutar janareta ta fi haka tsada. Na biyu jarin sola, domin yawan wat ɗin da kaya ke ja shi ke fayyace yawan faranti da girman inbata da adadin batura. Na uku zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin wannan yanki yakan haura digiri 35, kuma a hunturu ƙura tana toshe fanka da ramukan iska. Ƙwaƙwalwar da ta yi zafi tana rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, saboda haka lambar da aka samu a ɗakin gwaji mai sanyi a Jamus ba lallai ta bayyana a shago mai rufin kwano ba.

Misali zai nuna girman abin. Hukumar JAMB, wadda ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta tun 2015, tana bukatar cibiya ta tanadi kwamfutoci 250 a zaure, ban da na ko-ta-kwana. A ƙaddara kowace kwamfuta ta rage wat 20 kacal. Jimilla wat 5,000 ke nan, daidai da abin da aka rubuta a jikin farantan sola goma masu wat 500. A yinin awa goma an tsira da yunit 50, wato sama da Naira 10,000 a farashin Band A, kafin a lissafa na'urar sanyaya ɗaki da za ta kwashe zafin da waɗannan wat ɗin suka koma.

Sai dai a wannan ma'aunin ma 285K ba ta Obi ba ce. A watan da ta fito Dala ta haura Naira 1,600, don haka Dala 589 ta wuce Naira 940,000, fiye da albashin wata 13 na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Ba a sa kuɗin uwar allo da ram da na'urar sanyaya ta ba, domin masu harafin K ba sa zuwa da fanka. Kuma idan aka matsa mata da aiki tana iya jan wat 250. Tattalinta na gaske ne, amma a kan wadda ta gada ake lissafa shi.

Abin da ya shafi Obi ya zo ne a Janairun 2025 ba tare da hayaniya ba, lokacin da Intel ya fitar da 'yan uwanta masu wat 65 da masu wat 35, waɗanda Dell da HP da Lenovo ke sa wa a kwamfutocin ofis. Core i5-6500 ta 2015, wadda har yau ake samu a kwamfutocin hannu, cibiyoyi 4 gare ta a kan wat 65. Core Ultra 5 225 tana da cibiyoyi 10 a kan alamar wat 65 ɗin nan. Ƙananan cibiyoyin da masu wasanni ba su damu da su ba su ne suka fi samun ci gaba a wannan zubi, kuma magabatansu sun riga sun nuna abin da za su iya. Intel N100 ta 2023, wadda ba ta da komai sai ƙananan cibiyoyi 4 na zubin da ya gabata, alamarta wat 6 ce, tana cikin 'yan kwamfutocin da ba su fi tafin hannu ba, tana kuma ɗaukar aikin rubutu da intanet da jarrabawa.

Jarrabawa da guguwar gwanjo

Abubuwa biyu suka sa wannan lissafi ya zama na gaggawa. A Afrilun 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya umarci hukumomin WAEC da NECO su koma jarrabawa ta kwamfuta, a fara da tambayoyin zaɓi daga Nuwamban 2025, a kammala da na rubutu a 2026. Ko an cika wannan wa'adi ko an ɗaga shi, makarantun gwamnati da masu zaman kansu, daga Lafiya har Agwatashi da Daddare, za su nemi kwamfutoci, kuma gwamnatoci za su ba da kwangilar saye.

Na biyu, a ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina sabunta Windows 10, ban da ƙarin shekara guda ta kariya ga wanda ya yi rajistar neman ta. Windows 11 kuwa, a ƙa'idar kamfanin, ba ta karɓar galibin ƙwaƙwalen Intel da suka girmi zubi na 8 na 2017, ko na AMD da suka girmi Ryzen 2000. Kamfanin binciken kasuwa Canalys ya yi hasashe tun ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan sharaɗi. Sanin kowa ne inda irin waɗannan kaya ke ƙarewa idan ofisoshin Turai da Amurka suka sallame su. Suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, su bi ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja, su isa Banex a Abuja, daga nan su gangaro ta Keffi da Akwanga.

Kwamfutar hannu ba abin raini ba ce, ita ta koya wa mafi yawan matasan ƙasar nan sana'ar. Haɗarin yana ga makarantar da za ta tara kuɗin iyaye ta cika zaure da kayan da manhajarsu ta riga ta ƙare, ko hukumar da ɗan kwangila zai kawo wa akwati mai tambarin Core i7 ba tare da an tambayi shekarar da aka yi ta ba. Tambarin i5 ko i7 ba ya nuna shekaru. Lambar da ke biye da shi ce ke nunawa: i5-4590 zubi na 4 ce ta 2014 mai wat 84, i5-8500 zubi na 8 ce, i5-12400 kuma na 12. Harafin ƙarshe ma yana magana. T na nufin mai tattali ce, galibi ta wat 35, K mai cin wuta ce ta masu wasanni, F kuwa ba ta da sashen hoto, sai an saya mata kati dabam. Wanda ya riga ya mallaki tsofaffin yana da zaɓin ɗora musu Linux, irin su Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne kuma ana ci gaba da sabunta su, matuƙar manhajar da yake aiki da ita za ta hau kansu.

Akwai kuma tarkon da ke tafe. Nan da 'yan shekaru ƙwaƙwalen zubi na 13 da na 14 za su cika kasuwar gwanjo. Intel ya ce matsalar ƙarfin lantarkin na iya shafar na kan tebur masu wat 65 zuwa sama. Ba a gane wadda ta fara lalacewa da ido, kuma wanda ya saya a hannu na uku ba shi da rasiɗin da zai nemi garanti da shi. Mafi ƙarancin abin da mai saye zai yi shi ne ya tabbatar an sabunta manhajar tushe ta uwar allo, ya kuma sa a bar kwamfutar tana aiki mai nauyi na wasu awoyi a gabansa kafin ya biya.

Abin da ya kamata a rubuta a takardar kwangila

Darasin da fitowar Arrow Lake da Zen 5 ta bari shi ne, lambobin ranar ƙaddamarwa na kamfani ne. Dukansu biyu sun bukaci watanni na gyare-gyare, kuma farashinsu ya sauka bayan nan, don haka wanda ya yi haƙuri ya sayi abin da ya fi zama daidai a kuɗin da bai kai na farko ba. Tsawon ran mazauni ma abin dubawa ne ga wanda ba ya canza kwamfuta duk shekara biyu. AMD ya fito da mazaunin AM4 a 2016, yana kuma fitar masa da sababbin ƙwaƙwale har 2024, sannan ya yi alkawarin riƙe AM5 aƙalla zuwa 2027. Intel bai yi irin wannan alkawari a kan LGA 1851 ba ranar da ya fito da shi. A ɗaya ɓangaren, gwaje-gwaje sun sha nuna cewa manyan Ryzen masu gutsattsari sun fi na Intel cin wuta idan kwamfuta tana kunne ba ta aiki, kuma a haka kwamfutar shago ke shafe mafi yawan yininta.

Ƙwaƙwalwa kuma ba ita kaɗai ke cin wuta ba. Allon kallo da tsohon akwatin raba wuta da faifan ajiya mai juyawa duk suna da rabonsu, kuma sau da yawa canza tsohon faifai da SSD ya fi canza ƙwaƙwalwa saurin nuna bambanci. Akwai 'yar na'urar auna wat da ake soka wa a soket, a jona kwamfuta a jikinta, ta nuna abin da take ja a zaune da kuma a bakin aiki. Shugaban makaranta ko jami'in sayen kaya na ƙaramar hukuma da ya riƙe ta ya fi mai riƙe da takardar talla sanin abin da yake saye.

Don haka takardar kwangila ta gari za ta ambaci cikakkiyar lambar ƙwaƙwalwa da zubinta, da iyakar wat ɗin da kwamfutar gaba ɗaya za ta ja, da manhajar da za ta hau kanta da ranar ƙarewar tallafinta, da wanda zai gyara ta a Lafiya idan ta tsaya. Za ta kuma haɗa kuɗin kwamfutocin da na wutar da za ta riƙe su a lissafi guda, domin zauren da aka cika da kaya aka bar shi babu wuta, ɗakin ajiya ne.

Manyan ofisoshin ƙasashen waje sukan canza kwamfutocinsu bayan shekara uku zuwa biyar. A wannan lissafi, kwamfutocin ofis masu Arrow Lake da aka saya a 2025 za su fara bayyana a shagunan Lafiya tsakanin 2028 da 2030, da tambarin wani banki ko asibiti da aka kankare a jikinsu. A lokacin an daɗe da manta gardamar wasanni ta Oktoban 2024. Mai shago daga Obi zai juya akwatin, ya karanta lambar, ya tambayi farashi, sannan ya tambayi awa nawa batirinsa zai riƙe ta bayan faɗuwar rana.